Wa muka bar wa igiya da usur?

Ranar ƙaramar sallar bara, a bakin filin Idi na Ƙofar Doka a Zariya, na ga wani abu da har yau bai bar zuciyata ba. Sahu ya cika ya tumbatso har kan titi, 'yan agaji sun ja igiya sun tare hanya don kada mota ta kutsa cikin masu salla. Sai ga wata baƙar mota mai duhun gilashi ta taho tana ta danna hon. Wanda ke riƙe da bakin igiyar dattijo ne, furfura ta gama cin gemunsa, kakinsa ya koɗe saboda yawan wanki amma ya sha guga har karin wandon yana tsaye. Na san shi sarai. Tela ne a unguwarmu, shi ya ɗinka mini kayan makarantar firamare, shi ne kuma yake ɗinka wa 'ya'yana yanzu. Direban ya sauke gilashi, yaro ne da bai wuce sa'an autansa ba, ya ce, "Kai malam, sauke igiyar nan mana! Ka san wanda ke ciki kuwa?" Dattijon bai tanka masa ba. Ya matsa wajen gilashin baya, ya ɗan rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, sahu ya zo har nan. Ga wuri can gindin darbejiya, zan sa yaro ya kula da motar." Ko kallonsa ba a yi ba. Gilashi ya koma sama, mota ta ja da baya a fusace ta bar shi cikin ƙura.

Da liman ya tayar da kabbara, ni ina cikin sahu da sabuwar shaddata, wadda shi wannan dattijo ya kwana yana haɗawa a daren jajibiri. Shi kuwa yana tsaye a inda yake, ya ba alƙibla baya, idonsa kan titi, igiya a hannu, usur a rataye a wuya. Sai da aka sallame, jama'a suka watse lafiya, aka haɗa yaran da suka ɓace da iyayensu, sannan na hango shi ya zauna kan wani dutse yana kwance igiyar takalminsa.

Abin da zan faɗa ba mai daɗin ji ba ne ga irina, amma na gaji da riƙe shi. A Zariya, taimakon jama'a irin wanda ake yi da jiki, a tsaya a rana, a ɗauki makara, a tare mota, a kwana a asibiti kan wanda ba a sani ba, mun sallama shi gaba ɗaya ga talakawa. Tela da kafinta da mai faci da ɗan acaba da lebura, su ne 'yan agaji. Mu da muka yi boko muka samu albashi, da 'yan kasuwar da Allah Ya buɗa wa, namu shi ne mu miƙo ɗari biyar ta tagar mota, ko a kira sunanmu a lasifika ranar gidauniya a tafa mana. Wannan fa a garin kwalejojin Barewa da Alhudahuda da Jami'ar Ahmadu Bello, garin da kusan kowace unguwa tana da likitanta da lauyanta da malamin jami'arta. Ka leƙa faretin 'yan agaji da safiyar wata Lahadi ka ƙirga mutum nawa ne a cikinsu suke da ofis da kujera mai juyawa. Yatsun hannu ɗaya sun ishe ka.

Kuma ba ƙananan ƙungiyoyi ba ne. Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna a 1962 zamanin Sardauna tana da rundunar agajinta. Fityanul Islam tana da tata. Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ita ma haka. Suna da muƙamai, suna da fareti, suna da sansanin horo da suke fita lokaci-lokaci, kuma yawancinsu da kuɗin aljihunsu suke ɗinka kaki su sayi takalmi da bel. Su ne a wajen tafsirin azumi tun daga daren farko har rufewa. Su ne a Maulidi, su ne a sansanin alhazai suna ɗaukar wa tsofaffi jaka, su ne a maƙabarta idan aka yi babban rashi. A ɓangaren 'yan'uwanmu Kirista na Wusasa da Sabon Gari akwai Zumuntar Mata da ankonsu, waɗanda ba a rasa su a gidan rasuwa ko gefen gadon mara lafiya. Ga kuma 'yan Red Cross. Garin nan yana tafiya ne a kan kafaɗun waɗannan mutane, ba tare da ya taɓa juyowa ya tambayi sunansu ba.

To amma ka tambayi wani a unguwarku: wa ya fara kafa reshen agaji a nan? A wace shekara? Su wa suka biyo bayansa? Za a yi ta kallon juna. Wanda ya sani ya tsufa, wanda ya fi shi sani yana ƙarƙashin ƙasa. Abin yana ci mini rai, domin a garin nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Mun san darajar rubutu tun kafin wasu su sani. Muna da jerin sarakunan Zazzau a haddace, muna da salsalar gidajen malamai, amma mutanen da suka shekara talatin suna tare mana titi ba su da ko shafi guda.

Abin da ya buɗe mini ido kan wannan wani taro ne da ban yi niyyar zuwa ba. Wani abokin aikina, haifaffen Sabon Gari, ɗan ƙungiyar Rotary ne, ya daɗe yana gayyatata ina zillewa. Wata rana dai kunya ta sa na bi shi. Ƙaramin ɗakin taro ne, mutane ba su fi ashirin ba, maza da mata. Shugaban yana zaune da wata sarƙa a wuya, gabansa ƙararrawa da 'yar guduma. Lokaci na cika ya buga ƙararrawar, ba a jira kowa ba. Aka miƙe aka karanta tambayoyi huɗu da suke karantawa a zamansu game da duk abin da mutum zai yi tunani ko ya faɗa ko ya aikata: shin gaskiya ne, shin an yi wa kowa adalci, shin zai ƙara zumunci da abota, shin zai amfani duk wanda abin ya shafa. Wayar wani babban mutum ta yi ƙara ana tsakiyar magana, nan take aka ci shi tara, ya zaro kuɗi ya jefa a akwati yana murmushi. Ma'aji ya tashi ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita har kan naira ta ƙarshe. Sannan aka kira wani likita, mai furfura shi ma, wanda aka aika ya duba ban-ɗakin da suke ginawa a wata makarantar firamare. Da ƙafarsa ya je. Ya faɗi buhun siminti nawa ya rage, ya ce magini ya karkatar da bututu sai an sake. Na zauna ina kallonsa ina tuna cewa wannan mutumin sai ka yi sati kana neman ganinsa a asibiti.

Da aka tashi na roƙi shugaban ya bar ni in duba sarƙar. Ashe ƙananan faranti ne aka jera, kowanne da sunan wanda ya taɓa shugabantar reshen da shekarar da ya yi. Tarihinsu ke nan rataye a wuyan mutum guda, kuma ya san ranar 1 ga Yuli mai zuwa zai cire ya rataya wa wani, domin shekara ɗaya tak ake yi. Ina riƙe da ita dattijon tela ya faɗo mini a rai.

Asalin ƙungiyar ba wani abin al'ajabi ba ne. Ranar 23 ga Fabrairu 1905 wani lauya mai suna Paul Harris ya zauna da abokansa uku a birnin Shikago na Amurka: ɗaya mai sayar da gawayin kwal, ɗaya injiniyan ma'adinai, ɗaya kuma tela. E, tela. Harris ya tashi ne a ƙaramin gari, kaɗaicin babban birni ya dame shi, yana neman abokan da zai amince da su. Suna zagayawa da taron daga ofishin wannan zuwa na wancan, kamar yadda ake zagayawa da kwasar adashi, daga nan sunan ya samo asali, tambarinsu kuma yana da siffar ƙafar keke mai haƙora. Da farko ma ba taimakon jama'a ne gabansu ba, abota ce da cinikayya a tsakaninsu, har suka sa dokar mutum ɗaya daga kowace sana'a don kada kishi ya shiga. Sai a 1907 suka ɗauki aikin gari na farko, fafutukar a gina ban-ɗakin jama'a a tsakiyar birnin. Asusunsu da aka fara a 1917 ya soma ne da gudummawar dala 26 da rabi. Yau membobinsu sun haura miliyan ɗaya a faɗin duniya. Akwai wata tsohuwar dokarsu da ta fi komai burge ni: a da, wanda ya yi fashin zama huɗu a jere ba tare da uzuri ba yana iya rasa kujerarsa, komai kuɗinsa. Wato ba aljihunka kaɗai ake so ba, kai ake so ka zo.

Mutane da yawa ba su san cewa a Kano aka fara kafa reshen Rotary a Nijeriya ba, a 1961. Daga wannan reshe ne kuma aka samu ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar ta duniya baki ɗaya, lauya Jonathan Majiyagbe, daga 2003 zuwa 2004.

Na san abin da wani yake faɗa a ransa yanzu, domin ni ma da shi na girma: ai ƙungiyar asiri ce. Ba zan yi wa wannan magana dariya ba. Akwai malaman Musulunci da suka yi fatawar a nisance ta saboda zargin alaƙa da ƙungiyoyin ɓoye na Turai, kuma ko fadar Paparoma ta taɓa hana limaman cocinta shiga a 1951. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana da hujjar tsayawa a waje. Ban da wannan, ƙungiyar tana da nata aibin da ido ke gani. Kuɗin zama memba ya fi ƙarfin malamin firamare, da Turanci ake zaman, a wuraren da talaka ba ya shiga, kuma sai da kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1987 sannan aka buɗe wa mata ƙofa, aka tabbatar da hakan ga duniya a 1989. Ni kaina ban shiga ba, kuma ban rubuta wannan don in kira kowa ya shiga ba. Amma ƙin shiga gidan mutum bai hana ka lura da yadda ya dafe soronsa ba, musamman idan naka yana yoyo.

Kuma akwai bashin da ya kamata a faɗa. Duk wanda ya tashi a garin nan shekaru talatin da suka wuce ya san yawan yaran da shan inna ya nakasa. Muna ganinsu har yau, sun zama magidanta, a kan kekensu na hannu a Tudun Wada da Kwangila da bakin kasuwar Sabon Gari. Rotary ta ɗauki wannan cuta a matsayin abokiyar gaba: ta soma da yaran Filifin a 1979, ta ƙaddamar da babban shirinta a 1985, sannan a 1988 Hukumar Lafiya ta Duniya da sauran abokan tafiya suka shigo, lokacin da cutar take gurgunta yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Kuɗin da membobinta suka zuba a wannan yaƙi ya haura dala biliyan 2. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, a daidai shekarar da ɗan reshen Kano yake shugabantar ƙungiyar a duniya, a shekarar ce Kano ta dakatar da rigakafin, sai a tsakiyar 2004 aka dawo, bayan cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Tsoron da mutanenmu suka ji ba daga sama ya faɗo ba. Ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma an biya wannan tsoro da ƙafafun yara.

Su wa suka gama aikin a ƙarshe? Matan unguwa ne masu hijabi da 'yar kular ƙanƙara a kafaɗa da alli a hannu, suna bi gida-gida suna shan zagi, tare da masu unguwanni da hakimai da sarakuna da suka tsaya a gaba. A watan Fabrairun 2013 an harbe tara daga cikin masu wannan aiki a Kano. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, bayan an ga ta ƙarshe a Borno a 2016, ko da yake ana ci gaba da ɗigon saboda wani nau'in da ke ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, masu ilimi da kuɗi sun riƙe nasu gefen shekara da shekaru ba su saki ba, talakawa sun riƙe nasu, shi ya sa aka kai gaci. Da ɗaya ya saki da ba a kai ba. A Zariya gefe ɗaya kawai ake riƙe da shi.

Ba kuma sai mun je Shikago neman misali ba, namu ya riga nasu da ƙarnoni. A Makka, kafin aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani babban mutum ya danne wa wani baƙon ɗan kasuwa kuɗinsa. Manyan wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka yi rantsuwa cewa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta har haƙƙinsa ya dawo. Shi ne Hilful Fudul. Annabi ya halarta yana matashi, kuma bayan zuwan Musulunci ya ce da za a kira shi zuwa irinsa da ya amsa. Ku lura, manyan gari ne suka taru, ba yaransu suka aika ba. Ranar haƙa ramin Khandaƙ da hannunsa mai albarka ya ɗauki ƙasa. A nan ƙasar Hausa kuwa, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ba ta rasa komai na daraja ba, ita ta zauna da kanta ta tsara 'Yan Taru. Tana naɗa jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle a matsayin alamar muƙami, jaji ta jagoranci matan ƙauye su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. Ga tsari, ga alama, ga gadon muƙami, kuma abin ya rayu bayan rasuwarta a 1864 har zuwa zamaninmu. Ko aikin gayya da muka gada, mai unguwa ba daga inuwa yake aiko da gaisuwa ba. Idan za a yashe rijiya ko a yi wa masallaci yaɓe kafin damina, mai gari da mai dukiya suna wurin, ko da tulu ɗaya za su ɗauka don yara su gani. Yaushe muka koyi cewa girma shi ne kada ƙura ta taɓa ka?

Za a ce mini, ai muna bayarwa. Gaskiya ne, mutanen Zariya ba marowata ba ne, a azumi kowa ya shaida. Amma kuɗin da aka miƙa aka juya baya ba ya yin abin da mutum yake yi idan ya zauna. Ku zagaya unguwanni ku ƙirga rijiyoyin burtsatse da aka haƙa da kyakkyawar niyya, aka kafa allo da sunan mai bayarwa, yau sun zama wurin ɗaure awaki saboda wani ƙarfe na 'yan dubbai ya lalace ba wanda aka ɗora wa alhakin gyara. A garin da 'yan garuwa suka fi famfo aminci, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Da injiniya ɗaya na unguwar yana cikin ƙungiyar da ke zama duk mako, da an san ranar da famfon ya fara tari.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana sallar La'asar, wani sashe na babban masallacin Juma'a na birni ya rufto kan masallata, masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun wajen shekarun 1830. An rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu da rahama. Duk wanda ya san garin nan ya san nisan da ke tsakanin ƙofar fada da asibitin koyarwa na Shika. A irin wannan rana, mintunan farko suna hannun wanda ya fi kusa ne, kuma wanda ya fi kusa da masallaci ko filin taro a kullum ɗan agaji ne. Shin ya san yadda ake ɗaga wanda ake zaton ƙashin bayansa ya taɓu? Ya san yadda ake tsayar da jini, ko yadda ake danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya? Wasu sun sani, da yawa kuma zuciya ce kawai da ƙarfin hali suke da su. Ga likitoci da ma'aikatan jinya cike da gari, har da masu koyar da wasu likitocin. Awa biyu a wata, a zauren makarantar Islamiyya, da harshen Hausa, ta isa ta canza abin da zai faru a rana irin waccan. Wannan ba abin da za a aiko da shi a ambulan ba ne.

Ba zan rufe ido kan laifin ƙungiyoyin agajin su kansu ba, domin ƙauna ce ta sa nake magana. Rarrabuwar aƙida ta bi su har cikin kaki, ta yadda reshe biyu a unguwa ɗaya ba sa iya haɗuwa su yashe kwata guda, alhali ruwan da zai cika ta ba ya tambayar wa ke ƙabalu wa ke sadalu. A wasu rassan shugaba yakan zauna har sai mutuwa ta sauke shi, matasa masu jini a jika su gaji da jira su watse. Akwai inda son muƙami da jera tambura a kafaɗa ya fi aikin yawa. Kuɗin da aka tara sau da yawa yana aljihun mutum ɗaya amintacce, ba rasit ba littafi, ranar da aka samu saɓani sai zargi ya raba abokan shekara ashirin, alhali wataƙila ko kwabo bai ci ba. Lokacin zaɓe kuma 'yan siyasa su tuna da su, a jera su a rana su yi wa wani ado. Amma duk waɗannan cututtuka ne da zaman masu sani a cikinsu zai rage. Wa'adin shugabanci, karanta lissafi a gaban kowa, rubuta sunan wanda ya zo da wanda bai zo ba, ajiye tarihin waɗanda suka gabata, ba ɗaya daga ciki da ya saɓa wa addini ko al'ada. Alƙur'ani ma ya umarce mu mu rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, kuma a ayar da ta fi kowace tsawo.

Sharaɗi ɗaya ne, shi ne kuma mai wuyar. Wanda zai zo, ya zo a matsayin memba. Kada ya zo a matsayin uban ƙungiya da za a shimfiɗa wa darduma a gaba. Ya yarda kafinta ya zama shugabansa, ya yarda a ci shi tara idan ya makara, ya yarda wata rana a ba shi bakin igiya.

Ni aikin akanta nake yi, shekara goma sha tara ke nan, kuma ban taɓa ba unguwarmu ko awa ɗaya daga abin da na iya ba. Bayan sallar nan da sati biyu na je shagon dattijon da daddare. Yana kan keke yana haɗa wata 'yar riga. Na gaishe shi, na ce, "Baba, na zo ne in ji ko akwai abin da zan iya yi muku a ƙungiya." Ya ɗaga ƙafa daga kan keken, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Alhaji, ko dai gudummawa ka kawo? Ka ba ma'aji, yana nan bayan Isha'i." Na ce a'a Baba, ni kaina na kawo. Ya yi shiru har na fara jin nauyi. Sannan ya miƙe ya janyo wata tsohuwar jakar leda daga ƙarƙashin tarin yadi. A ciki akwai rasit-rasit da suka yi ja, da katin shaida na mutanen da ban sani ba, da wani littafin makaranta mai layi wanda bangonsa ya rabu. Sunaye ne a ciki, wasu da boko wasu da ajami, kusa da da yawa daga cikinsu an ja ɗan gajeren layi da jan biro.

Na tambaye shi ma'anar jan layin. Ya ce waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ne.

Tun daga ranar, duk daren Laraba bayan Isha'i ina shagon. Mun sayi babban littafin lissafi mai bangon kwali, ma'aji yana kawo abin da aka tara ina shigarwa, ranar zaman wata kuma a karanta wa kowa. Sauran lokacin na sunayen ne. Shi yana ɗinki yana faɗa, ni ina rubutawa: wane, magini ne daga Ƙofar Kuyambana, shi ya fara koya musu fareti; wane, mai gyaran rediyo, shi ya cire yara biyu daga Kubanni wata shekara da ta yi ambaliya; wane, bai taɓa fashin jana'iza ba har ranar da aka ɗauki tasa. Wani lokaci sai ya tsayar da keken ya daɗe bai ce komai ba, ni ma in ajiye biro in jira. Mun kai suna na arba'in da ɗaya, littafin kuma ko rabi ba mu ci ba. Wani ma'aikacin jinya da ke layinmu ya yi alkawarin zuwa Larabar sama da bandeji da katakon ɗauri. Dattijon ya ce in gaya masa ya zo da wuri, don ƙarfe tara yake rufe shago.